Makullin Mota a Hannun Matashi: Me Ya Rage wa Iyaye?

A gidajen da Allah ya hore wa abin hawa, akwai muhawarar da kan taso da zarar yaro ya fara tasawa. Ya kai shekara 16 ko 17, ya daɗe yana wanke motar gida, yana tayar da ita da safe, yana fito da ita daga gareji ya daidaita mata tsayuwa a ƙofar gida. Ran nan sai ya ce, "Abba, a ba ni makulli in kai su Umma gidan biki, ai na iya." Uban ya san ba ƙarya yaron ya yi ba, don ya ga hannunsa. Uwar kuwa ba ta da abin cewa sai, "A'a Alhaji, da sauransa." A wani gidan a miƙa makullin a ranar. A wani a hana har sai yaro ya gama jami'a. A wani kuma a hana da baki, alhali kowa ya san yaron yana satar fita da motar duk lokacin da mai gida ya yi tafiya.

Abin da ya sa maganar ba ta ƙarewa shi ne kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Uba yana duba hannun yaro, uwa tana duba hankalinsa, hukuma kuma tana duba shekarunsa da takardarsa. Ga kuma wani kuskure da ya fi waɗannan yaɗuwa: ɗaukar ranar karɓar lasin a matsayin ranar da aikin iyaye ya ƙare. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna akasin haka. Watannin farko da matashi ya fara tuƙi shi kaɗai su ne mafi haɗari a duk rayuwarsa ta direba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne iya sarrafa mota: riƙe sitiyari, taka birki, taka totur, wato abin ba wa mota wuta, da haɗa kuloci da giya ba tare da mota ta mutu ba. Wannan shi jama'a ke nufi idan sun ce yaro ya iya mota. Yaro mai kaifin kai kan kama shi cikin 'yan makonni a filin makaranta ko filin idi. Idan kuwa motar otomatik ce, mai sauya giyarta da kanta, kwanaki kaɗan sun isa.

Na biyu shi ne lasin, takardar da hukuma ke bayarwa a matsayin izinin hawa titi da abin hawa. Kafin cikakken lasin akwai na koyo, wanda ake kiran mai riƙe da shi lana. Lana ba ya tuƙi sai da mai lasin a gefensa, kuma dole a maƙala wa motar jan harafin L gaba da baya don sauran direbobi su san mai koyo ne, su yi haƙuri da shi.

Na uku shi ne ƙwarewar hanya, kuma shi ne ba a gani da ido, ba a kuma saye da kuɗi. Gogaggen direba yana ganin ƙwallo ta gangaro titi sai ya ɗaga ƙafa daga totur, don ya san yaro na biye da ita. Yana ganin direban adaidaita sahu ya waiwaya bakin titi sai ya ba shi tazara, don ya san fasinja ya hango, zai kuma tsaya nan take ba tare da ya kunna trafiketo ba, wato fitilar nuna kwana. Yana ganin tirela ta buɗe hagu sai ya gane dama za ta shiga, ba zai cusa kai a gefenta ba. Idan ya ga ganye a zube a tsakiyar kwalta da daddare ya san akwai babbar mota da ta lalace a gaba, wataƙila ba ko fitila. Ba wanda ke koyon waɗannan a filin idi. Sai an shafe sa'o'i masu yawa a kan titi na gaske, cikin rana da dare, cikin ruwan sama da hazo.

Yaron da ya ce "ai na iya" yana da na farko. Wataƙila ma yana da na biyu. Na ukun ne ke hana uwa barci, ko da ba ta iya faɗin sunansa ba.

Abin da doka ta tanada a Najeriya

Shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun karɓar lasin tuƙi. Babu wata kafa da ta halatta wa ɗan shekara 15 ko 16 hawa titi shi kaɗai, ko da a cikin unguwa ne, ko da aike ne zuwa bakin kasuwa. Tuƙin wanda bai kai shekaru ba yana cikin jerin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke kama mutane a kansu, kuma ya shafi mota da babur duka. An kafa hukumar a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A jihohi kuma akwai hukumomin da ke aiki a kan titunan cikin gari, irin KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna.

Hanyar karɓar lasin ta gaskiya tana bi ta makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, sai gwajin tuƙi a hannun jami'an duba ababen hawa da aka fi sani da VIO, sai biyan kuɗi ta hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, sannan a je cibiyar lasin a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ana ba da takardar wucin gadi kafin katin ya fito. Lasin rukunin A na babur ne, na B kuma na ƙananan motocin gida. Dokar gudu ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu.

Kowa ya san akwai wata hanyar ta bayan fage, inda ake ba wa dillali kuɗi da hoto ya kawo kati. Uban da ya bi wannan hanya don ya hutar da ɗansa wahala ya yi asara biyu. Katin na iya zama na bogi, ba ya cikin kundin hukuma, ba kuma za a gane ba sai ranar da aka shiga matsala. Ko da na gaske ne, an tsallake gwajin da shi kaɗai ne wurin da wani baƙo, wanda ba ya jin nauyin kowa a gidan, zai kalli tuƙin yaron ya ce bai isa ba. Sannan yaron ya koyi darasin farko na zaman direba daga hannun mahaifinsa: dokar hanya abu ce da ake zagayewa.

Me ya sa matashi ya fi shiga haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Maza kuma sun ninka mata kusan sau uku wajen mutuwa a kan hanya. A Amurka, inda ake ba 'yan shekara 16 lasin kuma ake tattara alƙaluma sosai, direbobi masu shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗari mai kisa kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama, idan aka auna da nisan tafiyar da kowa ya yi.

Dalilai biyu ne suka haɗu, ƙarancin gogewa da ƙuruciya, kuma yana da kyau a raba su. Ƙarancin gogewa yana damun kowane sabon direba, ko ɗan shekara 40 ne. Hankalinsa yana kan abin da ke gaban hancin motar, ba ya hango nesa, ba ya yawan duba madubi, yana gane haɗari a makare. Ƙuruciya kuwa ta shafi ƙwaƙwalwa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai, alhali son burgewa da jin daɗin kasada sun riga sun kai ƙololuwa tun kafin nan. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne. Yaro mai ladabi, mai sallah a kan lokaci, shi ma haka halittarsa take a wannan shekarun.

Abin da ya fi tayar da wannan hali shi ne abokai. A wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam suka wallafa a Amurka a 2005, an sa matasa da manya wasan tuƙi a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci abokansu na kallo. Manya ba su sauya sosai ba. Matasan kuwa kasadarsu ta ƙaru ƙwarai da zarar tsaransu suna wurin. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin kai amarya a garuruwanmu, ko yammacin ranar Sallah, ko ranar da ɗalibai suka gama jarrabawar ƙarshe, ya ga wannan gwajin a fili: samari a zaune a kan tagogi, ana juya mota ana tayar da ƙura, taya na ƙara, 'yan kallo na ihu, wani na ɗauka da waya don a ɗora a TikTok. Yaron da ke riƙe da sitiyarin nan, jiya ya kai kakarsa asibiti a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. Mutum ɗaya ne, waɗanda ke cikin motar ne suka sauya.

Sai waya. Lissafinta mai sauƙi ne, kuma ya kamata kowane uba ya yi wa ɗansa shi a takarda. Mota mai gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 100 tana cin kusan 28. Daƙiƙa huɗu na duba saƙon WhatsApp a wannan gudun ya wuce tsawon filin ƙwallo, ido a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar shiga haɗari kusan sau huɗu. Gudu kuma yana da wata yaudara: idan aka ninka shi sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu ne, ba biyu ba.

Dare yana tattara komai wuri ɗaya. Gani ya ragu, fitilar masu tahowa na kashe ido, barci na fizga, kuma lokacin ne aka fi fita yawo da abokai. A nan ne kuma batun ƙwaya da maganin tari mai sa maye ke shigowa, abin da iyaye da yawa ba sa son a ambata a kan 'ya'yansu. Ko yaron ba ya sha, ya kamata a san waɗanda yake ɗauka, da kuma wanda yake miƙa wa makullin idan an yi nisa da gida.

Yadda wasu ƙasashe suka bi da lamarin

A 1987 ƙasar New Zealand ta fara tsarin lasin mataki-mataki. Lardin Ontario na Kanada ya bi a 1994, jihar Florida ta Amurka a 1996, yau kuma kowace jiha a Amurka tana da wani nau'i nasa. Tsarin yana da hawa uku. Da farko koyo tare da babba a gefe na tsawon watanni. Sai matakin tsakiya, inda matashi ke tuƙi shi kaɗai amma ba da tsakar dare ba, ba kuma da tarin tsaransa a mota ba. Sai cikakken lasin. A jihar New South Wales ta Ostareliya, sai matashi ya cika sa'a 120 yana tuƙi da mai kula da shi, 20 daga ciki da daddare, an rubuta a littafi, kafin a yi masa gwaji. Jamus tana barin ɗan shekara 17 ya yi tuƙi muddin wani babba da aka rubuta sunansa yana zaune a gefe. Suwidin ta sauko da shekarun fara koyo zuwa 16 a 1993, ta bar shekarun lasin a 18, kuma waɗanda suka yi amfani da wannan dogon lokacin koyo sun fi ƙarancin haɗari bayan sun karɓi lasin.

Ba komai na waɗannan ƙasashe ne ya dace da mu ba. Titunansu, da motocinsu, da motocin ɗaukar marasa lafiya da ke isa wurin haɗari cikin mintuna, duk daban ne. Amma akwai abu ɗaya da suka gano wanda bai dogara da kwalta mai kyau ba: tuƙi tare da babba a gefe yana da ƙarancin haɗari ƙwarai, haɗarin yana tashi ne ranar da babban ya sauka. Don haka suka tsawaita lokacin farko, suka kuma sa wa na biyu linzami. Inda doka ba ta shimfiɗa waɗannan matakan dalla-dalla ba, gida ne zai shimfiɗa su.

Ra'ayoyin da ake ja-in-ja a kansu

Masu cewa a koya wa yaro da wuri suna kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna da rabin gaskiya. Daɗewa ana koyo yana da amfani. Amma abin da ake yi a aikace ba koyo ba ne, saki ne: yaro ɗan shekara 14 da ƙyar yake hango gaban mota, an tura shi sayen gas ko ɗauko ƙanne daga Islamiyya, ana alfahari da shi a majalisa. Wannan ya saɓa wa doka, ya kuma sa rayukan 'ya'yan wasu a hannun wanda bai isa a ɗora masa su ba.

Masu cewa a hana gaba ɗaya suna da tasu rabin gaskiyar. Kowace shekara da aka ƙara tana rage kasadar ƙuruciya. Sai dai hani ba ya koyar da hanya. Wanda aka hana har shekara 25 zai fara ne a matsayin sabon direba, lokacin da ya bar gida, babu mai zama a gefensa. Kafin nan ma, yaron da aka rufe wa ƙofa yakan koya a motar aboki ko a garejin makanike, inda malaminsa tsaransa ne.

Akwai masu cewa haɗari ƙaddara ce, abin da zai faru sai ya faru. Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma mutumin da ke faɗin haka yana kulle shagonsa da daddare, yana kai ɗansa asibiti idan zazzaɓi ya yi zafi. Malamai sun daɗe suna bayanin cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Ɗaura bel, wato ɗamarar kujera, sababi ne, kuma yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta buƙata, kuma bai kamata a raina ta ba. Uba ya manyanta ko yana aiki a wani gari, albashin direba ya gagara, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, ga mara lafiya a gida da za a iya buƙatar kai shi asibiti da tsakar dare. Irin wannan gida yana buƙatar direba da gaske. Mafita ita ce a gaggauta yin abin a kan ƙa'ida da zarar yaro ya cika 18, a kuma iyakance tuƙinsa ga hidimar da ta sa aka ba shi. A ƙasa da wannan akwai gidajen da ba su da mota sam, waɗanda ɗansu zai hau babur ko ya karɓi adaidaita sahu don ya kawo cefane. Su ne suka fi yawa, haɗarinsu ya fi girma, kuma su aka fi mantawa idan ana wannan magana. Wanda ke kan babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi. Hular kwano ita ce kariyarsa, kuma uban da ya iya sayen babur bai kamata ya ga kuɗinta ya yi yawa ba.

Game da 'ya'ya mata, fargabar iyaye ta fi karkata ga tsaro da maganar mutane fiye da tuƙin kansa. Alƙaluma ba su nuna mace ta fi namiji kasada ba, akasin haka suka nuna. Abin da take buƙata shi ne sa'o'in koyo daidai da na ɗan'uwanta, da sanin abin yi idan taya ta fashe ko wani ya tsare ta da rigima a hanya.

Batun na'urar bin sawu, wadda ke nuna inda mota take da gudun da take yi, shi ma ana saɓani a kansa. Idan an sa ta da sanin yaro, an kuma gaya masa ranar da za a daina dubawa, tana taimakawa. Idan an sa a ɓoye, ranar da ya gano, amana ta tafi.

Kujerar gefe

Kaɗan ne cikin iyaye ke shirya wa wannan kujera. Uba ya shekara 30 yana tuƙi, yau ga shi a dama, ba sitiyari a gabansa. Ana dosar shataletale, ƙafarsa na taka ƙasan mota tana neman birkin da babu, hannunsa ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa. Adaidaita sahu ta kutso. "Kai! Birki! Ba ka gani ne?" Yaron ya firgita, ya taka da ƙarfi, motar ta mutu a tsakiyar hanya, na baya suka cika wurin da hon. Daga ranar yaron ba ya son fita da mahaifinsa, uban ma ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Haka ake rasa sa'o'in da suka fi komai amfani.

Tsoron na halas ne, amma tsawa ba ta koyar da komai a gudun kilomita 40. Abin da ke aiki shi ne magana da wuri cikin murya ɗaya: "Fara rage gudu, akwai kwana a gaba." Wata dabarar da malaman tuƙi ke amfani da ita ita ce a sa mai koyo ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki: ga mai babur a hagu, ga yara a bakin makaranta, ga danja ta kusa sauyawa. Ta haka babba ke gane abin da idon yaron ke tsallakewa. Gyara mai tsawo a bari sai an faka. Rabin sa'a sau da yawa ya fi sa'a uku rana ɗaya. A fara da safiyar Lahadi a titin da ba cunkoso, a matsa zuwa cikin gari, sannan a shiga irin cunkoson Sabon Gari ko bakin Kantin Kwari, sannan babbar hanya irin ta Kano zuwa Zariya, inda za a koyi wuce tirela da haƙurin fasa wucewa. A fita cikin ruwan sama, a fita cikin hazo, a fita bayan isha'i. Duk yanayin da bai taɓa shiga da babba ba, ranar da ya shige shi shi kaɗai gwaji ne da ransa.

Idan uba ya san ba shi da haƙuri, ba abin kunya ba ne ya wakilta kawu, ko yaya, ko uwar idan tana tuƙi, ko tsohon direba amintacce. Abin da ba ya wakiltuwa shi ne misali. Yaron ya shekara goma sha wani abu yana kallo daga kujerar baya. Ya ga ko ana ɗaura bel ne kawai idan an hango jami'ai, ko ana amsa waya ana tuƙi, ko ana bin hannun da ba naka ba don gudun zagaye, ko ana tsere da lokaci gab da shan ruwa a watan azumi.

Uwa da ke jiran dawowar ɗanta ita ma tana da nata aikin, kuma mai wuya ne: kada ta kira shi yana hanya. Yaro mai biyayya ba zai ga kiran Umma ya ƙi ɗauka ba. A yi alƙawari shi zai kira idan ya isa.

Sakin linzami a hankali

Ɗan kasuwa ba ya miƙa wa ɗansa dukan jari rana ɗaya. Yana ba shi kaɗan ya ga yadda zai juya, sannan ya ƙara. Haka ya kamata makulli ya kasance bayan lasin ya fito. A watanni shida na farko: da rana, hanyoyin da aka sani, ba abokai, ba fita wajen gari, ba shiga ayarin biki, waya a aljihu, kowa da bel. Ƙanne ƙanana ma a jinkirta ɗora masa su, don hayaniyarsu na ɗauke hankali, kuma idan wani abu ya faru nauyin da zai ɗauka a zuciya ba ƙarami ba ne. Idan watannin sun wuce lafiya a ƙara abu ɗaya, a jira, a ƙara wani.

A faɗi sharuɗɗan a gaban uwa da uba tare, har da hukuncin karya su, don kada yaro ya sami a'a a falo ya sami to a ɗaki. A bar masa kuma ƙofa ɗaya a buɗe: duk daren da ya ji barci, ko tsoro, ko ya ga abokan tafiyarsa ba sa cikin hayyacinsu, ya kira a zo a ɗauke shi, ba faɗa a wannan daren. Game da motar da za a ba shi, mai ƙarfin inji tana kiran gudu, tsohuwar da birkinta da tayoyinta suka gaji kuma tana hukunta ƙaramin kuskure. Matsakaiciya mai lafiyar birki, da taya, da fitila, da bel ita ce daidai.

Idan abin ya faru

Yaro ya kamata ya san abin yi tun kafin ranar. Ya tsaya, ya taimaki wanda ya ji rauni, ya kira gida, ya kira lambar gaggawa ta FRSC, 122. Idan jama'a sun taru ya ga alamar za a taɓa lafiyarsa, ofishin 'yan sanda mafi kusa zai nufa, ba gida ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Inshora, wato yarjejeniyar da kamfani ke ɗaukar nauyin asara a madadin kuɗin da ake biyansa duk shekara, wajibi ce a kan kowace mota, aƙalla irin wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Tun farkon 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Ga masu shakka ta fuskar addini akwai kamfanonin takaful, masu tsarin taimakekeniya na Musulunci. Amma idan wanda ke tuƙi ba shi da ingantaccen lasin, kamfani yana da hujjar ƙin biya, nauyin ya dawo kan mai motar. Idan an rasa rai, fiƙihu ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma diyyar tana hawa kan dangin wanda ya yi kisan na wajen uba. Ko iyalan mamaci sun yafe, kamar yadda ake yawan yi, yaron zai rayu da abin. Wasu sukan daina barci, wasu su kasa sake riƙe sitiyari, kuma suna buƙatar wanda zai saurare su, wani lokaci har da likita.

Galibi dai abin da ke faruwa ƙarami ne: gogar katanga wajen shiga gida, fashewar fitilar baya, madubin da mai babur ya tafi da shi. Yadda iyaye suka karɓi wannan na farko yana da tasiri a kan sauran. Idan aka yi masa kaca-kaca a gaban ƙannensa, na biyun zai kai motar wurin mai fenti a ɓoye ya biya da kuɗin makarantarsa, iyayen kuma su rasa labarin da zai nuna musu inda tuƙinsa ke da rauni. Idan aka zauna aka tambaye shi ina yake kallo, da wa yake tare, da ƙarfe nawa, aka sa ya ɗauki wani kaso na kuɗin gyara, sai a koma wurin tare a sake yin kwanar, a kuma ɗage ƙarin 'yancin da ke tafe da wata ɗaya ko biyu.